Ƙafar Hagu Ba Ta da Aiki

A bayan gidan da nake zaune a Karu akwai wani fili da yara ke ƙwallo a da, yanzu makarantar koyon tuƙi ta mamaye shi. Kullum da hantsi in na shimfiɗa tabarmata ƙarƙashin dalbejiya, sai in ga ƙananan motoci suna ta zagaye a hankali, kowace da jan harafi a gaba da baya, ɗalibi ya rungume sitiyari, malami a gefensa yana latsa waya. Abin da ke ci mini rai shi ne shirun. Wai ana koyon mota, amma ba ka jin injin ya yi kuka, ba ka jin mota ta zabura ta mutu, ba ka jin an daka wa kowa tsawa. Ranar nan da kunnena na ji malamin, wani yaro da na haifi wanda ya girme shi, yana ce wa ɗalibarsa, “Madam, don Allah ɗan taɓa birki kaɗan.” Don Allah! Na ja tsaki har maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Nan da ɗan lokaci za a ba matar nan lasisi ta hau titi, ita ma sunanta direba, ni ma sunana direba.

Lokacin da na zo nan babu gari, sai sunan gari. Farar hula sun karɓi mulki, kuɗin mai na zuba, aka ce za a gina sabon birnin ƙasa a tsakiyar daji, samarin ƙauyenmu muka yi ta kwararowa kamar an yi shelar rabon gado. Duk inda ka duba jar ƙasa ce da aka tone, da duwatsu, da katafila tana ture bishiyoyi, da mutanen da aka tarar a wurin suna tsaye suna kallon gonakinsu na zama titi. Ban iya komai ba sai noma, noma kuwa ba shi aka zo yi ba. Wani ɗan garinmu mai shayi ya kama hannuna ya kai ni wurin wani direban tifa da ke neman yaron mota. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ɗan Gbagyi daga wani ƙauye a bayan Bwari, mai zuwa coci ran Lahadi, Hausarsa kuwa irin ta mutanen wurin, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya dube ni sama da ƙasa, bai tambayi sunana ba, ya ce, “Dogo, cire takalmi.” Na cire. Ya jefa su bayan kujera, ya ce ba zan sake sa su a cikin motarsa ba sai ranar da na zama direba. Tun daga ranar nake ce masa Oga, har yau da furfura ta cika mini kai.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ban taɓa sitiyari ba sai in zan goge shi. Ni ne wankin mota da asuba a bakin rafi, ni ne duba ruwa da mai, ni ne bugun taya da ƙarfe in ji ko akwai iska, ni ne sayo abinci wurin mai tuwo. Babban aikina shi ne weji, wani ƙaton guntun icce da ake sa wa taya don kada mota ta gangara. In muka tsaya a tudu da lodin yashi, kafin tifar ta gama tsayawa na dire na cusa shi, in za mu tashi in fizge shi in bi mota da gudu in ɗafe. Tafin ƙafata ya yi kanta har ƙaya ta daina shigata. A duk wannan zaman ina tsammanin wahala kawai nake sha, ashe karatu ake yi mini ta kunne. Muna cikin tafiya sai Oga ya ce, “Dogo, yanzu mota yana son me?” Dole in saurari injin in ce giya lamba uku take so, ko in ce a dawo da ita biyu. In na yi kuskure, akwai wani guntun fambel, bel ɗin robar injin mota, da yake ajiyewa kusa da cinyarsa, kafin in rufe baki na ji shi a gwiwa. Har na kai in ina kwance a ƙarƙashin mota ina hutawa, wata tifar ta wuce can nesa, nakan san wane direba ne daga yadda ya canja giya.

Da ya fara ba ni kujera, sai na gane abin da ya sa ya ƙwace takalman. Motocin wancan zamani ba a sa musu giya da taku ɗaya. Sai ka taka kuloci ka fitar da sandar giya zuwa firi, inda ba ta cikin kowace giya, ka saki kulocin, in sauka za ka yi zuwa ƙaramar giya ka ɗan ba ta wuta ta yi gurnani, ka sake takawa, sannan ka tura sandar ta shige. In ka yi daidai, shigewa take yi lumus ba ƙara. In ka yi gaggawa ko ka makara, haƙoran giya su ciji juna, ka ji ƙarrr har cikin haƙoranka, duk mutanen gefen hanya su juyo su ga wanda aka yi wa dariya. Akwai kuma wani wuri a tsakiyar sakin kuloci inda mota ke fara kamawa, ba a ganinsa, ba a iya nuna shi da yatsa, sai dai wata 'yar rawa da ke shigowa ta tafin ƙafa. Mai takalmi ba zai ji ta ba. Oga ba ya bayani. In na kalli sandar giya zai ce, “Kai in za ka ci tuwo kana duba bakinka?” sai fambel. In na dogara da birki a gangara zai ce birki na rago ne, giya ce ke riƙe kaya, sai fambel. Na tsane shi a lokacin, tsana ta gaske, har nakan kwanta ina kitsa yadda zan gudu. Amma gudu zuwa ina, kuma a ce a ƙauyenmu na kasa?

Akwai wani hawa a tsohuwar hanyar Bwari da direbobi ke tsoro, dogo ne, ga kwana a samansa, ga rami a gefe. Wata rana mun ɗauko tsakuwa, mota ta cika har tana nishi, sai Oga ya tsaya a tsakiyar hawan. Na dire na sa weji. Ya sauko ya ce in hau. Na hau, ya ce in taka birki, na taka. Birkin hannun motar kuwa ya daɗe da mutuwa, kowa ya sani. Ina kallo ta madubi ya fizge wejin ya wurgar a ciyawa, ya zagaya bayan motar, ya zauna a ƙasa daidai bayan tayar baya. Ba abin da nake hangowa sai ƙafafunsa. Wasu iyayen gida nakan ji suna ajiye ƙwai ko hularsu a bayan taya don gwada yaro. Shi kansa ya ajiye.

Ya ɗaga murya ya ce, “Tashi!”

Na ce, “Oga, don girman Allah ka tashi daga wurin.”

Ya ce, “In ka kashe ni, kai gawa Bwari, sun san gidana. Tashi!”

Na karanta duk abin da ya zo bakina. Na sa lamba ɗaya, na fara sakin kuloci kaɗan-kaɗan, gumi na shiga mini ido, har na ji muryar injin ta sauka ta yi kauri, rawar nan ta shigo tafin ƙafata. Na ɗauke ƙafar dama daga birki na ɗora kan totur. Motar ta girgiza, ta tsaya cak tana shawara, sannan ta yi gaba, ba ta koma baya ko da faɗin yatsa ba. Da na kai saman tudun na tsaya, na sauka, na durƙusa a gefen hanya na amayar da duk abin da na ci. Can sai ga shi ya hauro da ƙafa, da wejin a kafaɗa. Ya shaƙi iska ya ce, “Ka ƙona kuloci kaɗan, ina jin wari.” Iyakar yabon da na taɓa samu daga bakinsa ke nan, kuma ban taɓa samun wanda ya fi shi daɗi ba.

Ranar da ya yaye ni, ƙauyensu ya kai ni. Matarsa ta daka sakwara, aka kira ni in yanka kazar da hannuna don in ci, 'yan'uwansa direbobi suka taru. Ya fito da takalmana, sun bushe sun ƙanƙance, kowa ya yi dariya. Sai ya ce a gaban jama'a, “Dogo, ba na son komai naka. Abu ɗaya ne. Wata rana ka kawo mini naka yaro, wanda kai ka koya, ya tuƙa ni in ji. Direba da bai haifi direba ba, shi da motarsa rami ɗaya.” Haka al'adarsu take, shi ma ya kai ni wurin wanda ya koya masa na tuƙa shi. Na ce in Allah ya yarda. A raina ina ganin ai wannan ba wani abu ba ne, yara na nan birjik suna neman wanda zai ɗauke su.

Sojoji suka zo suka daɗe, farar hula suka sake dawowa, kuɗi ya sake zuba, garin da na gani jar ƙasa ya zama abin da ya zama. Na bar tifa na koma tuƙa wani Alhaji a Maitama, inda gidaje ke da katanga ta fi ta kurkuku, kowane gida da mai gadi da mai ban ruwan fulawa da mu direbobi a benci muna jiran a kira. A nan na fara shiga motar da ke sa wa kanta giya. Ranar farko ƙafata ta hagu ta yi ta laluben kuloci tana taka iska, hannuna na dama na ta zuwa wurin sanda yana dawowa da kunya. Alhaji ya yi dariya ya ce, “Malam, huta, an sauƙaƙa maka.” Ban ji sauƙi ba, ji na yi kamar an ɗauke ni aiki an ce in zauna in yi gadin sitiyari. Yaran da na ɗauka don in koya musu kuwa, babu wanda ya zauna. Wani ya wanke mota na ɗan lokaci ya ce shi ba wanki ya zo koya ba. Wani na ɗaga masa murya sau ɗaya, washegari na gan shi a kan acaɓa yana ɗaga mini hannu. Duk Kirsimeti in na je gaida Oga, bayan an gama tambayar iyali sai ya ce, “Ina yaron?” In ce yana tafe. Shekara ta bi shekara ina ce wa dattijo yana tafe.

Da na ji labarin ƙafarsa ta hagu ta shanye, jiki kuma ya fara ƙi, sai hankalina ya tashi, na juya kan autana. Ya yi boko, aiki bai samu ba, ya je irin makarantar nan ta bayan gidana ya koyi mota, yanzu yana haya da wata ƙaramar otomatik, fasinja na kiransa ta waya. Yaron kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, yana da mata da ɗa, shi ke kawo mana cefane. Na zaunar da shi na faɗa masa alkawarin da ke wuyana. Ya ce, “Baba, wa ke sayen manuwal yanzu? Amma tunda kana so, mu je.” Na aro tsohuwar a-kori-kura wurin wani abokina Bakano mai sayar da katako, muka fita bayan gari. Na ce ya cire takalmi, ya dube ni ya yi murmushi, ya cire. Ya saki kuloci, mota ta zabura ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Da ta tashi, ya zo sa lamba biyu ya sunkuyar da kai yana kallon sanda, giya ta yi ƙara, ban san lokacin da hannuna ya sauka a gwiwarsa ba.

Ya kashe motar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Baba, ni ba jaki ba ne. Ka faɗa mini da baki, ina ji. A ina ne kulocin yake kamawa? Yaya zan san lokacin ya yi?”

Abin da na yi rayuwata ina yi, wanda ko daga barci aka tashe ni zan yi, ba ni da kalmarsa ko ɗaya. Ba da kalma aka ba ni ba. Na ce, “Za ka ji a ƙafarka.” Ya ce, “To in ban ji ba fa?” Ya sa takalmansa, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa cikin ladabi ya ce in mayar da mu gida. Mun sake gwadawa bayan nan, ni na ɗaure hannuwana a ƙirji, shi yana ta haƙuri, amma zuciyarsa ba ta wurin, ni kuma harshena bai iya aikin da fambel ya yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da aka aiko cewa Oga na tambayata, a motar hayar yaron muka tafi, ina gefe ina jin kunya kamar mai kai wa suruki ƙwarya ba komai a ciki.

Hawan nan an fasa shi an shimfiɗa kwalta, motar ta haye ba ta ko canja numfashi ba, sai da muka wuce na gane wurin. Ƙauyen ma ya kusa haɗewa da gari, ga shaguna, ga ɗaliban makarantar lauyoyi suna ta kai da kawo da baƙaƙen kaya. Muka tarar da shi a gindin mangwaro, ya rame, ƙirjin nan ya zube, da sandar dogarawa a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi yaron ya ce, “Wannan ne?”

Na ce, “Oga, ɗana ne na cikina. Amma ba zan rufe ka ba, ban koya masa ba. Motarsa ba ta da kuloci. Irin ta yanzu ce, ita ke sa wa kanta giya.” Na sunkuyar da kai ina jiran ya yi tsaki, mu haɗu mu zagi zamani, ko ba komai in samu abokin baƙin ciki.

Ya ce, “Ba kuloci? To ƙafar hagu yana yin me?”

Yaron ya ce, “Ba ta da aiki, Kaka. Ajiye ta ake yi.”

Tsohon ya kalli matacciyar ƙafarsa. Sai ya ce, “Ɗaga ni.”

Muka ɗaga shi muka kai shi jikin motar. Na nufi ƙofar fasinja da shi, ya fizge, ya nuna kujerar direba. Yaron ya zaunar da shi, ya ɗauki ƙafar hagun da hannu biyu ya shigar masa da ita, ya zagaya ya zauna a gefensa. Ina jinsa ta taga yana cewa, “Kaka, wannan birki, wannan wuta. Ka taka birki, ka jawo wannan zuwa nan. Yawwa. Yanzu ɗaga ƙafarka a hankali.” Da baki, cikin lallashi, kamar mai ba jariri kunu. Motar ta motsa. Mutumin da ya yi shekaru bai riƙe sitiyari ba ya fita daga gindin mangwaro ya shiga filin makarantar firamare da ke gaban gidan, jikokinsa na bin sa da ihu. Ya zagaya ya dawo, ya tsaya a gabana, bakinsa har kunne, hawaye na bin kumatunsa.

Ya ce, “Dogo! Ka ga abu? Ashe wahalar banza muka sha! Da na san wannan yana zuwa, da ban dake ka ba ko sau ɗaya.”

Na so in ce masa dukan nan shi ne duk abin da na mallaka, da shi na yi aure, da shi na ciyar da wanda ke zaune a gefensa, da shi nake ɗaga kai a cikin direbobi. Da zagina ya yi, da ya ce na ci amanarsa, da na ɗauka na tafi da shi gida ina jin ni wani ne. Sai ga shi da bakinsa ya yafe mini alkawarin kamar wanda ya yafe allura. Bai ma lura da fuskata ba. Ya juya wurin yaron ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Kai ne ogana yanzu. Ran Lahadi bayan coci ka dawo ka ƙara mini.” Yaron ya yi dariya ya ce to.

Ya leƙo ta taga ya miƙo mini sandar dogarawarsa, wadda ta tokare masa gwiwa. Ya ce, “Riƙe mini wannan, Dogo, matsa gefe kada in taka ka.” Na karɓa, na matsa. Suka sake shiga filin, suna zagayawa suna dariya, ni kuwa ina tsaye a rana da sandar a hannu har aka kira la'asar.